Fina-finan 2023 da suka ƙi barin raina

Na jinkirta wannan rubutu har sai da aka yi bikin ba da kyautar Oscar ranar 10 ga Maris, 2024, saboda da yawa daga cikin fina-finan da ake lissafawa a cikin 2023 ba su iso gare ni ba sai da shekarar ta riga ta wuce. Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta sunan duk fim ɗin da na kalla, tare da jimla ɗaya ko biyu game da abin da ya bar mini a zuciya. Da na buɗe shi a makon nan ina bin shafukan ɗaya bayan ɗaya, sai na lura cewa fina-finan da har yanzu nake tunawa da su dalla-dalla su ne waɗanda suka ɓoye mini wani abu, suka bar ni na cike gurbin da kaina. Waɗanda suka zube mini komai a gaba kuwa, na ji daɗinsu a daren da na kalle su, amma yanzu sai na duba rubutuna kafin in tuna yadda suka ƙare. Zan taɓo ƙarshen wasu daga cikinsu a nan, don haka wanda bai kalla ba ya yi mini afuwa.

Bari in fara da wanda ya fi kowanne girgiza ni, wato The Zone of Interest na darakta Jonathan Glazer. Labarin iyalin Rudolf Höss ne, kwamandan sansanin Auschwitz inda 'yan Nazi suka hallaka mutum kimanin miliyan 1.1, akasarinsu Yahudawa. Gidan iyalin yana manne da katangar sansanin, da lambun furanni, da wurin wankan yara, da 'yan aiki suna kai da kawo. Daga farkon fim ɗin har ƙarshensa kyamara ba ta nuna kisa ko ɗaya ba. Karon farko da na kunna shi, a waya na kalla da dare, na rage sauti ƙwarai don kada in tashi masu barci, kuma bayan rabin awa na kashe ina ganin babu abin da ke faruwa sai mace tana ban ruwan furanni da yara suna wasa. Bayan kwana biyu na sake kunna shi da abin sauraro a kunnuwana, sai na gane cewa rabin fim ɗin ne kawai na gani a daren farko. A bayan hirar da uwar gida take yi da baƙinta akwai ƙarar bindiga jefi-jefi, da haushin karnuka, da ihun da ba ka iya tantance ko na mace ne ko na yaro, da kuma wani rugugi mai nauyi da ba ya yankewa dare da rana, wanda sai daga baya hankalinka zai ba ka cewa daga wurin ƙona gawarwaki yake fitowa. Mun saba cewa gani ya kori ji, amma a wannan fim ji ne ya kori gani.

Akwai wata fitowa da ba na jin zan manta da ita. An kawo wa matar kwamandan, Hedwig, wata doguwar rigar sanyi mai gashi daga cikin kayan da aka ƙwace wa mutanen da aka shigo da su sansanin. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta sa rigar tana jujjuyawa a gaban madubi, sai ta sa hannu a aljihu ta ji jan baki, ta ciro, ta shafa a leɓenta, sannan ta goge. Ba a ce komai ba, ba a sa kiɗan tausayi ba, amma ni da nake kallo na san cewa mai wannan jan bakin tana bayan katangar nan, ko kuma ta riga ta zama hayaƙin da ake hangowa ta taga. Glazer ya ɗauki fim ɗin ne da kyamarori da yawa da aka kakkafa a cikin gidan, ma'aikata suka fice, aka bar 'yan wasa suna zirga-zirga kamar babu mai kallonsu, shi ya sa mutum yake jin kamar leƙen asirin gidan wasu yake yi. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar biyu, ta fim ɗin ƙasashen waje da ta sauti, kuma ban taɓa ganin kyautar sauti ta faɗa inda ya dace da ita kamar wannan karon ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda mutanen gidan ba su yi kama da dodanni ba. Mijin yana karanta wa 'ya'yansa labari kafin su yi barci, matar tana fushi don za a yi wa mijinta canjin wurin aiki a raba ta da lambunta. Mahaifiyarta ce kaɗai, da ta zo ziyara, ta kasa barci saboda jan hasken wutar da ke haskaka labule, ta tattara kayanta ta tafi ba sallama.

Sandra Hüller, 'yar wasan Jamus da ta fito a matsayin Hedwig, ita ce kuma ta ja ragamar Anatomy of a Fall, kuma ban san wata shekara da mutum ɗaya ya yi manyan ayyuka biyu masu bambanci haka ba. Wannan fim na Justine Triet shi ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a watan Mayun 2023, ta zama mace ta uku da ta taɓa samun ta. An tsinci gawar wani magidanci a cikin ƙanƙara a ƙasan gidansa da ke kan duwatsu kusa da Grenoble a Faransa, kuma babu kowa a gidan lokacin da ya faɗo sai matarsa, marubuciya Bajamushiya. Ɗansu mai shekara 11, wanda ba ya gani sosai, shi ya dawo daga yawo da karensa ya tarar da gawar. Daga nan aka shiga kotu.

Mai kallo zai zaci cewa a ƙarshe za a nuna masa abin da ya faru a benen nan, kamar yadda fina-finan shari'a suka saba yi, amma Triet ta ƙi. Abin da aka ba mu shi ne wata rigima da mijin ya naɗa a ɓoye kwana ɗaya kafin mutuwarsa, aka kunna ta a gaban kotu. Muna ganin ma'auratan suna musayar magana a kan wa ya fi sadaukar da lokacinsa, wa ya bar ƙasarsa saboda wa, wa ya hana wa yin rubutu, har zuwa lokacin da faɗan ya kai ga doke-doke, sai hoto ya yanke ya dawo da mu cikin kotu, muka koma jin ƙarar fashewar kwalba da nishi kawai, ba mu san wa ya bugi wa ba. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, kuma fim ɗin ya nuna yadda duk wani aure zai iya zama abin zargi idan aka ɗauki mafi munin mintunansa goma aka karanta su a gaban baƙi. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda yaron ya ba karensa maganin ciwon kai da yawa don ya gwada wani abu da ya tuna game da mahaifinsa, karen ya sandare, yaron ya ruɗe yana kuka yana neman taimako. Yaro ne da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinsa, domin shaidarsa ce za ta raba gardama, alhali shi kansa bai san gaskiyar ba. Matar da kotu ta sa ta kula da shi ta faɗa masa cewa idan hujja ta gaza, dole mutum ya zaɓi ɓangaren da zai tsaya a kai. Na kalli fim ɗin sau biyu, a karo na farko na tashi ina ganin ba ta aikata ba, a na biyu na tashi da kokwanto, kuma ina ganin haka aka so in ji.

Oppenheimer na Christopher Nolan, labarin masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na Amurka, shi ne gwarzon shekarar a wajen masu ba da kyauta, ya kwashe Oscar 7 har da ta fim mafi kyau da ta darakta da ta jarumi, wadda Cillian Murphy ya karɓa. A sinima na kalle shi, kuma ba na musun girman aikin. Fim ne na awa 3 da galibinsa maza ne zaune a ɗakuna suna gardama, amma ya tara kusan dala biliyan ɗaya a duniya, wanda hakan kaɗai ya isa ya ƙaryata masu cewa mutanen yanzu ba sa iya zama su saurari magana mai nauyi. Sai dai ina da ƙorafi a kansa. Kiɗan ba ya barin mutum ya numfasa, musamman a awa ta farko, inda ake tsalle daga wannan shekara zuwa waccan kamar ana gudun kada mai kallo ya gaji. Shi ya sa mafi kyawun wuri a fim ɗin shi ne inda kiɗan ya yi shiru, wato gwajin bam ɗin nukiliya na farko da aka yi ranar 16 ga Yuli, 1945 a hamadar New Mexico. Haske ya cika allo, ba ka jin komai sai numfashin mutane, ɗakin sinimar ya yi tsit har ina jin motsin kujerar wanda ke bayana, sannan bayan wani lokaci ƙarar ta iso ta daki ƙirji. An yi ta muhawara a kan ƙin nuna Hiroshima da Nagasaki da Nolan ya yi. Ni ina ganin fitowar da Oppenheimer yake jawabin nasara a gaban ma'aikatansa, suna buga ƙafa suna murna, shi kuma yana ganin fatar fuskar wata mace tana saɓulewa, ta isar da saƙon. Awa ta ƙarshe kuwa, wadda ta koma kan zaman binciken da aka yi masa a 1954 da ƙiyayyar da Lewis Strauss, wani babban jami'in gwamnati, yake yi masa, ta ɗan yi mini nisa da abin da ya fi muhimmanci, duk da ƙwarewar da Robert Downey Jr. ya nuna a matsayin Strauss.

Barbie, wanda ya fito rana ɗaya da shi, 21 ga Yuli, ya fi kowane fim samun kuɗi a shekarar, sama da dala biliyan 1.4. Na yi dariya a wurare da dama, kuma tsara launuka da gine-ginensa aiki ne na gwanaye, amma duk abin da fim ɗin yake son faɗa sai ya sa wani ya tsaya ya faɗe shi da baki, don haka ban tashi da wani abin tunani ba. Haka na ji game da Jawan na Shah Rukh Khan, wanda ya dawo da ƙarfinsa a 2023 bayan shekaru ba ya jan fim. Na ji daɗin ganinsa, na ji daɗin waƙoƙin, na kuma yaba da yadda aka saka maganar bashin manoma da lalacewar asibitoci a cikin fim ɗin faɗa, amma bayan mako guda labarin ya cakuɗe mini. Fim ɗin Indiya da ya fi zauna mini shi ne 12th Fail na Vidhu Vinod Chopra, labarin gaskiya na wani matashi talaka da ya faɗi jarrabawar kammala sakandare, ya yi ta fama har ya zama babban jami'in 'yan sanda. Ba shi da wani salo na daban, sai dai gaskiyar da ke fuskar Vikrant Massey ta riƙe ni har ƙarshe.

Killers of the Flower Moon na Martin Scorsese minti 206 ne, kuma na san mutane da yawa da tsawonsa ya kora. Labarin kashe-kashen da aka yi wa 'yan ƙabilar Osage ne a jihar Oklahoma ta Amurka a shekarun 1920, bayan an gano man fetur a ƙasarsu, fararen fata suka riƙa auren matansu suna kashe dangi ɗaya bayan ɗaya don gado ya gangaro hannunsu. Tsakiyarsa ta yi jan ƙafa, wannan gaskiya ne, kuma na so a ce an ba Mollie, 'yar Osage ɗin da ake kashe wa dangi, wadda Lily Gladstone ta fito a matsayinta, fili fiye da wanda aka ba mijinta maci amana. Duk lokacin da take kan allo, shirunta ya fi maganar kowa nauyi. Amma ƙarshensa ya biya ni duk jiran da na yi. Maimakon a rubuta abin da ya faru da kowa a kan baƙin allo, sai aka mayar da labarin wasan kwaikwayon rediyo da ake yi don nishaɗin jama'a, sannan Scorsese da kansa ya fito ya karanta sanarwar rasuwar Mollie ta 1937, wadda ko ambaton kashe-kashen ba ta yi ba. Dattijo ne mai shekara 80 a lokacin fitowar fim ɗin yana amsa cewa shi ma ya mayar da baƙin cikin wasu abin kallo. An zaɓi fim ɗin a rukuni 10 na Oscar bai ci ko ɗaya ba, kuma rashin ba Gladstone kyautar jaruma ya ɓata mini rai.

Fina-finai biyu da suka shafi nahiyar Afirka sun cancanci a yi maganarsu fiye da yadda aka yi. Io Capitano na Matteo Garrone, ɗan Italiya, ya bi sawun samari biyu 'yan uwan juna daga Dakar, ta Agadas, ta cikin Sahara, zuwa gidajen azabtarwa na Libiya, har bakin Bahar Rum. Abin da na yaba shi ne ba a nuna yaran a matsayin masu gudun yunwa ko yaƙi ba. Gidansu cike yake da raha da ƙauna, buri ne kawai irin na kowane matashi ya ɗebe su, suna so su zama mawaƙa. A cikin hamada wata mata ta gaji ta faɗi, ayari ya wuce ya bar ta, Seydou, ɗaya daga cikin samarin, ya koma ya tallafe ta har ta cika a hannunsa, sai fim ɗin ya nuna shi yana tafiya riƙe da hannunta tana shawagi a sama a bayansa, kamar yadda zuciyarsa ta so a ce ya faru. A ƙarshe masu safarar mutane suka damƙa wa wannan yaro ɗan shekara 16, wanda ko iyo bai iya ba, tuƙin jirgin ruwa maƙare da mutane. Fim ɗin ya tsaya ne daidai lokacin da aka hango gaɓar Italiya, jirgi mai saukar ungulu yana shawagi a kansu, yaron yana ihu yana kuka cewa shi ne kyaftin kuma babu wanda ya mutu. Duk wanda yake bin labarai ya san abin da ke jiran irinsu a gaɓar, kuma Garrone ya bar mu da wannan sanin. Seydou Sarr, wanda ya fito a matsayin yaron kuma wannan ne fim ɗinsa na farko, ya samu kyautar matashin ɗan wasa a bikin Venice.

Na biyun shi ne Goodbye Julia na Mohamed Kordofani, fim ɗin Sudan na farko da aka nuna a cikin zaɓaɓɓun fina-finan Cannes, wata guda bayan ɓarkewar yaƙi a Khartoum a Afrilun 2023. Labarin ya fara ne a 2005, lokacin tarzomar da ta biyo bayan mutuwar John Garang, jagoran 'yan kudancin Sudan, ya gangaro zuwa rabuwar ƙasar. Wata mata 'yar arewa ta yi sanadin mutuwar wani ɗan kudu, sai ta ɗauki matarsa aiki a gidanta ba tare da ta faɗa mata gaskiya ba, tana ƙoƙarin wanke laifinta da kyautatawa. Ƙawancen da ya ƙullu tsakanin matan biyu na gaske ne, ƙaryar da aka gina shi a kanta ita ma ta gaske ce, kuma fim ɗin bai yi gaggawar yanke wa kowa hukunci ba.

Past Lives na Celine Song ya zo kusa da zama zaɓina na farko. Yaro da yarinya ne da suka shaƙu a Koriya ta Kudu, iyayenta suka yi ƙaura da ita, suka sake samun juna ta intanet bayan shekara 12, sannan suka haɗu ido da ido a New York bayan wasu 12, tana da aure. Babu mugu a cikinsa, mijin ma mutumin kirki ne da yake jin zafin cewa matarsa tana magana cikin barci da harshen da ba ya ji. A fitowar ƙarshe ta raka baƙon nata bakin titi, suka tsaya suna fuskantar juna suna jiran mota ba wanda ya ce uffan, kuma wannan tsayuwar ta fi duk wata kalmar soyayya da na ji a fim a shekarar.

Amma wanda na fi so, wanda kuma na fi komawa gare shi, shi ne Perfect Days na Wim Wenders, Bajamushen da ya je Japan ya ɗauki fim cikin kwana 17. Hirayama dattijo ne mai wanke banɗakunan jama'a a unguwar Shibuya ta Tokyo. Yana farkawa da ƙarar tsintsiyar wata tsohuwa mai share titi, ya naɗe shimfiɗarsa, ya fesa wa 'yan shuke-shukensa ruwa, ya fito ya ɗaga kai ya dubi sama, ya shiga motarsa ya sa kaset. Yana aikinsa da natsuwar da ban taɓa ganin an nuna a fim ba, har da ɗan madubi yake sakawa don ya duba ƙarƙashin inda ido ba ya kaiwa. Da rana ya zauna a ƙarƙashin bishiyoyi ya ɗauki hoton hasken da ke ratsowa ta cikin ganye, da dare ya karanta littafi har barci ya ɗauke shi. Washegari a sake. A rabin farko da ƙyar ya furta jimla goma.

Da farko na ji tsoron kada fim ɗin ya zama irin waɗanda ke ƙawata talauci don masu hali su ji daɗi, amma zuwan 'yar ƙanwarsa da ta gudo daga gida ya sauya komai. Da uwar yarinyar ta zo ɗaukarta a cikin babbar mota da direba, ta tambaye shi cikin sanyin murya ko da gaske banɗaki yake wankewa, ta kuma roƙe shi ya je ya duba mahaifinsu da ke gidan kula da tsofaffi, sai ya girgiza kai, ya rungume ta, bayan motar ta tafi ya tsaya shi kaɗai yana kuka. Ba a faɗa mana abin da ya faru tsakaninsa da mahaifinsa ba, ba a nuna mana rayuwar da ya baro ba, amma daga wannan lokacin na fahimci cewa tsarin nan da yake bi kullum abu ne da ya gina da hannunsa don ya iya ci gaba da rayuwa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma Koji Yakusho, wanda ya ci kyautar jarumi a Cannes da wannan rawa, da fuska kaɗai ya rufe fim ɗin. Yana tuƙi zuwa aiki da sassafe, waƙa tana tashi daga kaset, kyamara ta tsaya a kansa na tsawon mintuna ba ta motsa ba. Murmushi ya zo, idanunsa suka ciko da ƙwalla, ya sake yin murmushi, hasken rana mai fitowa yana sauka a kumatunsa. Na kalli wannan fitowa sau huɗu zuwa yanzu, kuma a littafina, a gaban sunan fim ɗin, har yau ban rubuta komai ba sai ranar da na fara kallonsa.